Yatsa Biyu Don Girma

Shagonmu na kayan sawa yana bakin kasuwar Konni, ta ɓangaren da masu amalanke ke sauke gero. Bai taɓa samun allo a ƙofa ba, kuma a iya sanina ba a taɓa shigo da tef ɗin awo cikinsa ba. Da ido ake awo a gidanmu. Kakana ne ya fara, babana ya gada, ni kuwa na taso ina ɗaukar abin wasan tsofaffi, har ranar da ya zame mana abin kuka.

Kakana daga tsallaken iyaka ya zo, da jaki da 'yan rigunan saƙi. Ban riske shi da ƙarfinsa ba, labarinsa a bakin Baba na ji, kuma na ji shi har ya gundure ni. Shi ne ya lura da abin da sauran 'yan kasuwa suka kasa lura da shi: manomi ba ya kwaso 'ya'yansa ya kawo su kasuwa a gwada musu riga. Shi kaɗai yake zuwa, ya ɗaga hannu ya ce yaron ya kai nan, ya saya, ya koma gida a tarar ko rigar ta shaƙe yaron ko tana share ƙasa. Sai kakana ya juya abin. Da an gama girbi sai ya bi ƙauyuka gida-gida, ba ya ɗauke da komai sai gaisuwa. A shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, a turo yara su gaishe shi, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya tsokani wannan, ya tambayi wancan wa ya sace masa haƙoran gaba. Ya sha fura ya tashi. Kafin sallah ta zo, ko a wane lokaci na shekara ta faɗo, kowane gida yana da ƙunshinsa a ɗaure yana jiran mai shi. Maigida ya zo ya gaisa, a miƙa masa, ya tafi bai ko kwance ba.

Da rumfar kara ya fara, ta koma ɗakin laka. A hannun Baba ne aka rushe lakar aka yi ginin bulo da simintin Malbaza, aka sa ƙofar ƙarfe. Shi kuma ya bar saƙi ya koma ɗinkakkun kaya daga Kano, kaftani da wando na maza, riga da siket da ɗankwali na mata. Amma tsarin bai taɓa shi ba. Bangon yamma na ƙauyukan Bazaga ne, na gabas na mutanen Malbaza, na kurya kuma na 'yan wajen Illela. Kowane ƙunshi da wurinsa, babu rubutu a jikinsa, babu alama, duk a kan Baba suke. Ya san ɗiyar wane da ta yi tsawon ƙafa irin na uwarta, ya san ɗan wane da ba ya girma sai ta ciki.

Doka ɗaya ce a shagon, kuma ni ta fi cuta: a kan awon kowane yaro sai an ƙara yatsa biyu don girma. Tun ina ƙarama ban taɓa sa rigar sallah da ta yi mini daidai ranar sallah ba. Sa'annina suna yanga, ni ina naɗe hannun riga. Sai ta koɗe, ta fara yagewa a hammata, sannan take zama tawa. In na yi kuka Baba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Rigar ba ta yi miki yawa ba, ke ce ba ki iso ba tukuna.” Na tsani wannan magana ƙwarai.

Mu uku ya haifa, kuma babu wanda ya bi shi yawon ƙauye ko sau ɗaya. Yayana ya zama direban babbar motar siminti a Malbaza. Ƙanena ya sayi babur yana kabu-kabu tsakanin kasuwa da boda. Ni na yi lakwal, wato makarantar boko, na zama malama a wani ƙauye wajen Illela. Mun sha faɗi a tsakaninmu cewa ba za mu ƙare rayuwarmu muna leƙen haƙoran 'ya'yan mutane ba. Baba bai taɓa tilasta mana ba, yakan ce ido ba a ɗura wa mutum shi.

Lalacewar ba rana ɗaya ta zo ba. Gwanjo ya cika kasuwa, dila-dila, rigar yaro ta koma arha kamar ƙosai. Sannan Baba ya faɗi a kan babur ya karye a ƙugu, yawon bayan girbi ya tsaya. Muka ce to yanzu fa? Ya ce ai ya san su, yaro ba ya girma a ɓoye. Yana zaune a kujerarsa ya ci gaba da girmar da su a cikin kansa, kowace shekara ya ƙara wa kowa abin da ya kamata. Abin mamaki, ya yi ta cin daidai na ɗan lokaci. Daga baya gidaje suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, shiru, ba faɗa ba ƙorafi. Mutanenmu ba sa gaya wa dattijo ya yi kuskure, daina zuwa kawai suke yi. Mu kuma muka ɗora laifin duka a kan gwanjo, da aka rufe boda muka ɗora sauran a kanta.

Da innarmu ta rasu na ajiye alli na dawo gida, don ba mai dafa masa, ba mai tuna masa magani. Ƙanena yakan kai shi shago kowace safiya, ni in bi su da ƙafa. Rabin katakan da ake jera ƙunshi babu komai a kansu. Wani lokaci mu wuni ba wanda ya leƙo sai masu neman canji. Duk da haka a shagon kaɗai Baba yake zama mutum. A gida sai ya yi ta kallon bango, a shago kuwa baki ya buɗe, ya yi wa maƙwabta tsiya, ya gyara hula.

Ana saura kaɗan a kama azumi ya sayar da gonar da kakana ya bari, bai shawarci kowa ba. Sai bayan an gama muka ji. Yayana ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, Baba ya ce masa bana shagon zai tashi, ya zuba ido ya gani. Ya sa na kira masa tsohon abokin cinikinsa na tsallake, ya karɓi wayar ya shiga jero kaya daga kansa, gida bayan gida, ƙauye bayan ƙauye, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ina gefe ina alfahari da shi. Na ce a raina duk mai cewa Baba ya fara rikicewa ya zo ya ji wannan.

Kayan suka iso ta hanyar daji a kan babura, don boda tana rufe. Kaya ne masu kyau, yadi mai nauyi, ɗinki mai ƙarko, irin wanda ƙane ke gada daga wa. Muka zauna muna ɗaure ƙunshi, yana zaɓa ina ɗaurewa. Katakai suka cika har sama, shagon ya koma yadda na san shi ina yarinya. Guda uku suka rage, na tambaye shi na wane gida ne, ya ce da masu su, ya tura su ƙarƙashin kujerarsa. Na lura kayan duk na ƙanana ne, amma ban kawo komai a raina ba. Ban san gidajen ba, balle in san wa ya kamata ya kai ina.

Azumi ya yi nisa kafin mutum na farko ya shigo, wani dattijo daga wajen Bazaga da ya kawo akuya kasuwar Laraba. Gaisuwa kawai ya leƙo yi. Baba bai bari ya gama zama ba ya nuna mini bangon yamma da sandarsa. Na sauko da ƙunshin, ashe ɗaurina bai yi ƙarfi ba, ya kwance a hannun mutumin. Ya ɗaga wani ɗan kaftani ya juya shi gaba da baya.

“Alhaji, wanga na wa na?”

“Na autanka mana, mai manyan kunnuwan nan,” in ji Baba. “Na ƙara mai yatsa biyu.”

Dattijon ya yi 'yar dariya, sai kuma ya haɗiye ta. Ya ɗaure ƙunshin da kyau, ya ce in ya sayar da akuyar zai biyo ya ɗauka. Jikina ya ba ni, na bi shi waje na sha gabansa.

“Baba, don Allah mi ya hwaru?” na tambayi dattijon.

Ya dubi ƙasa. “Ɗiyata, yaron ga da Alhaji ka hwaɗi, shina can arewa wajen ginan zinariya, da gemunai. Matatai ma ta haihu bara.” Ya kama igiyar akuyarsa. “Kak ki hwaɗa mai. Mutumin kirki na.”

Na koma na tsaya a tsakiyar shagon ina kallon bangon nan uku. Ban san a wace shekara ba, amma a wata shekara yaran da ke cikin kan Baba sun daina girma, kuma mu 'ya'yansa ba wanda ya sani, don ba wanda ya taɓa ganin yaran. Gonar kakana ce jere a kan katakai, an ɗinka ta riguna don yaran da yanzu su ne iyaye.

Da na gaya wa yayana bai yi ihu ba, na fi son da ya yi. Ya zo da yamma, kayan aikinsa duk farin siminti, ya ja ni bayan shago.

“Ke, saurara. Akwai mai sai da wayoyi da ka son wurin ga haya. Na ce mai ya jira sallah. In kayan ga sunka tahi, shago ya tsaya. In ba su tahi ba, washegarin sallah ni ka ba shi mabuɗi da hannuna.”

“Yaya, in ka ruhe shagon ga, Baba ka ruhe.”

“To da mi za mu ci da shi? Gona ta tahi. Maganinai wa ka saye?”

Na zage shi a raina. Shi yake ɗauke da hatsin gidan da kuɗin lokotoro, wato likita, da komai, ga nasa iyalin. Ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa.

Washegari na fara kwance ƙunshin don in rataye kayan a ƙofa, ko masu wucewa za su gani. Ban kai ko'ina ba sandar Baba ta sauka a kan katako kusa da hannuna.

“Wa ya ce ki kwance? Da masu su!”

“Baba, masu su sun girma!”

“Ni za ki hwaɗa ma girman yaro? Ke da ba ki taɓa taka ƙohwar gidansu ba?”

Ya jawo kayan gabansa yana mayar da kowanne cikin ƙunshinsa, ya kasa ɗaurewa, yana yi yana sakewa. Ran nan da aka sha ruwa, ko kunu bai taɓa ba. Duk da haka da Laraba ta zagayo na ɗebi wasu a ɓoye na shimfiɗa a cikin kasuwa. Mata suka tsaya, suka murza yadin, suka yaba, suka ji kuɗinsa, suka matsa gaba wajen mai gwanjo. Na wuni cikin rana ban sayar da ko hula ba.

Sallah ta matso, barci ya ƙaurace mini. Sai na ce tunda su ba za su zo ba, mu za mu je. Na yi tunanin gidan da ya yi yara jiya ba zai rasa yara yau ba, kuma idan suka ga Alhaji da kansa a ƙofarsu, kunya ma ta isa ta sa su karɓa. Na yi shatar amalanken jaki, muka loda bangon yamma gaba ɗaya, aka shimfiɗa wa Baba katifa a gaba. Bayan sallar asuba muka kama hanyar Bazaga, da azumi a bakinmu, a tsakiyar bazara.

Rabon da in ga Baba cikin farin ciki irin na ranar har na manta. Ya sa babbar rigarsa, ya shafa turare. Ya san kowace rijiya da kowace tsamiya, yana gaya wa mai amalanken inda zai karya kwana kafin a kai. Bai ɓata ƙofar gida ko ɗaya ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, komai yana nan daram a kansa, shekarun kawai suka zube.

Duk inda muka tsaya sai gari ya taso. A shimfiɗa tabarma a inuwa, tsofaffi su kama hannunsa su ƙi saki. Ya kira yara da sunayensu, a ce masa sun tafi kiwo, ko sun tafi ɗebo ruwa. Ya miƙa ƙunshi, maigida ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya yi addu'a, ya aika da shi cikin gida. Da farko har zuciyata ta fara sanyi. Na shiga gaida mata, abin da kakana da Baba ba su taɓa samun yi ba, su iyakarsu ƙofar gida. Ina fitowa matar gidan ta biyo ni, ta zaro ƙunshin daga cikin hijabinta ta tura mini a hannu.

“Malama, ki yi haƙuri. Ki maida ta baya, kar Alhaji shi gani.”

Haka aka yi a gida na biyu, haka a na uku. Wasu ma ba sa jira na fito, sai su zagaya ta bayan danga su miƙa wa mai amalanken, shi kuma ya cusa ƙarƙashin tabarma. Ba wanda ya shirya da wani, amma duk ƙauyukan abu ɗaya suka yi. Suna karɓa a gabansa don girmansa, suna mayarwa a bayansa don babu.

Yara kuwa ga su nan cike da tsakar gida, sababbi, waɗanda Baba bai taɓa gani ba. Nakan kwance ƙunshin in kara riga a jikin wani, ta zauna masa ɗas. Na yi roƙo, ba zan ɓoye ba. Ni da na yi shekaru ana tashi tsaye in na shiga aji, na durƙusa a gaban matan da ban sani ba ina cewa su ɗauki ko guda. Wata ta kama hannuna ta kai ni bakin rumbunsu ta ce in leƙa. Na leƙa, na ga ƙasan rumbun. Mazan suna ci-rani, abin da suka aiko hatsi yake zama, kuma mai gwanjo ya riga ya zagayo a kan babur. Na fito ina murmushi don Baba yana kallona.

Rana ta take, jakin ma ya fara gardama, muka isa wani gida a ƙarshen gari. Maigidan ya rasu, tsohuwar ce ta fito da kanta ta durƙusa daga nesa. Baba ya washe baki.

“Ina ɗan ƙiriniyan nan da ya ɓoye min takalmi? Ki ce shi hito, na zaka mai da riga.”

Tsohuwar ta ce baya nan, Alhaji, ta karɓi ƙunshin ta shige. Wani cikin waɗanda suka rako mu ya raɗa mini cewa yaron ya girma, ya bi motar hamada zai tsallaka arewa neman aiki, abokan tafiyarsa ne suka kawo labarin inda ya rasu aka bar shi. Na bi ta ciki, na gaishe ta, na miƙa hannu yadda na saba tun safe. Ta riƙe ƙunshin a ƙirjinta.

“Wanga ba ya komawa.”

Ta zauna a bakin ɗaki ta kwance shi. Ɗan kaftani ne shuɗi da wandonsa. Ta shimfiɗa shi a cinyarta tana gyara wuyan da tafin hannu.

“Tun da anka kawo labari, ba wanda ya ƙara kiran sunanai cikin garin ga, wai kar in yi kuka,” in ji ta. “Awa ban taɓa haihuwatai ba. Alhaji kaɗai na bai bizne shi ba.”

Ta tashi ta kori kaza guda da take da ita har ta kama, ta ɗaure mata ƙafa ta ba ni. Na ce Inna, wallahi ki bar shi, kyauta ce. Ta ce ɗanta bai taɓa sa rigar sadaka ba, ba yau zai fara ba. Na karɓa. Cinikin da muka yi ke nan a duk bangon yamma.

Da la'asar muka juyo. Amalanken yadda ya tafi haka ya dawo, sai dai an rufe kayan da tabarma, ni kuma na zauna a kai don kar Baba ya waiwayo. Leɓena ya tsage don ƙishi. Baba ya ce, “Kin gani ko? Mutane na nan. Yayanki na ba shi da haƙuri.” Na ce na gani, Baba. Ya jingina ya fara gyangyaɗi, kazar tana kuka a ƙafata, ni ma na taya ta, mai amalanken ya yi kamar bai ji ba.

A hanyar ne wani abu ya same ni da har yau nake jin haushinsa. Mun wuce wata rijiya, wata yarinya tana jan guga. Kallo ɗaya na yi mata, ban yi niyyar komai ba, sai na ji na san rigar da za ta yi mata a cikin waɗanda nake zaune a kai, koriya mai fure a wuya, kuma na san inda yatsa biyun za su tsaya a hannunta. Na rufe ido, sai ga yaran da na gani tun safe sun jeru mini gida-gida, mai dogon wuya, mai ƙaton ciki, tagwayen da ɗaya ta fi ɗaya kafaɗa. Ba wanda ya koya mini. Abin yana jikina tun can, bai tashi fitowa ba sai da gona ta tafi, sai da kan Baba ya tafi. Da ana dukan ido da na doki nawa ranar.

Ban gwada Malbaza da Illela ba, Baba ba zai iya wata tafiyar ba, ni ma na riga na ga amsar. Kayan da suka dawo na ɓoye su a ɗakina a gida. Sauran bangon biyu na riƙa kwashewa kaɗan-kaɗan ina ce masa masu su sun aiko an karɓa. Katakai suka koma wayam, Baba yana ta gaya wa maƙwabta bana an yi ciniki irin na da. Yayana ya zo ana gobe sallah, na buɗe masa ƙofar ɗakina ya ga tulin har kusa da rufi. Ya zauna a bakin gadona ya dafe kai. Da ya tashi ya ce akwai wani dillalin gwanjo da zai kwashe su a dunƙule. Kayan da Baba ya zaɓa ɗaya-ɗaya da sunan masu su, a dila za su ƙare.

Ranar sallah bayan an sauko idi Baba ya ce a kai shi shago. Al'adarsa ce tun zamanin kakana, a buɗe ko na ɗan lokaci saboda wanda ya makara. Mu uku muka raka shi, mabuɗin yana aljihun yayana, kowa ya san gobe shagon ba namu ba ne, ban da Baba. Ya zauna a kujerarsa ya dubi katakan da babu komai, ya yi hamdala. Sannan ya sunkuya da ƙyar ya jawo wani ɗan ƙunshi daga ƙarƙashin kujerar, ɗaurin hannunsa ne, a karkace.

“Kun zaci na mance da ku?”

Ya miƙa wa yayana ɗan kaftani fari. Mutumin da ya fara furfura a gemu ya tsaya riƙe da rigar da ko tumbinsa ba za ta rufe ba. Ya miƙa wa ƙanena nasa, wanda ya fi ƙanƙanta, ƙanena ya karɓa ya fita waje da sauri. Ni tawa ja ce, da siket da ɗankwali, ta yarinyar da ba ta daɗe da shiga lakwal ba.

“Gwada mu gani, ɗiyata. Bana kar in ji kuka.”

Na kara ta a ƙirjina. Na ce, “Ta yi, Baba. Ta yi daidai.”

Ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon nan da na tsana ina yarinya. Ya daɗe yana kallo. Na ga fuskarsa ta canza, na ji tsoro ya kama ni, na ce shi ke nan ya gane, zai tambayi shekarun, zai tambayi gonar.

“Ba ta yi ba,” ya ce a hankali. “Kin wuce ta. Yaushe kinka yi wanga girma ban gani ba?” Ya shafa hannun rigar. “Bari. Baɗi ni ƙara miki.”

Yayana ya juya ya fuskanci bango, kafaɗarsa tana rawa. Washegari ya ba da mabuɗin kamar yadda ya ce. Mai wayoyin ya cire katakan, ya yi wa ƙofar fenti, ya kafa allo mai fitila a sama. In zan shiga kasuwa yanzu ta wajen mahauta nake zagayawa.

Rigar tana cikin akwatina. Baba kuwa kowace safiya yakan sa babbar rigarsa, ya gyara hula, ya zauna a bakin gado ya ce in kira ƙanena ya kai shi shago. Nakan ce masa kaya ba su iso ba tukuna, hanya ba kyau. Sai ya ce to, a jira, amma a gaya musu kar su daɗe, yara suna girma.